Jirgi Biyu, Hatsari Biyu

Ranar da sojoji suka hana bin gada, da kwale-kwale muka komo Gaya daga Malanbil. Har yau ina jin warin kwaltar da aka liƙe jirgin da ita. Baba ya zaunar da ni kusa da shi, ya sa ƙanena a wani jirgin tare da Kawu.

Na turo baki. "Baba, jirgi biyu ai hatsari biyu ne."

Ya yi dariya. "Gaskiyarki, 'yar boko. Amma ruwa ya ci biyun a yammaci guda, da wuya. Ko me ya faru, ba za a bar uwarku hannu rabbana ba."

Lafiya lau muka sauka. Ƙanen nan yanzu ya yi furfura, kullum yana tsokanata wai shi aka ware na iri. Ba na musa masa.