An Yanke Beli, Ciwo Yana Nan

Muryar Masahudu ta dishe a shekarar da Gana ta samu 'yancin kai. Aikinsa kiran fasinja a tashar motar Tamale. Da can in ya ce "Kumasi! Kumasi!" har cikin unguwar Aboabo ana jin sa. Yanzu ko tuwo da ƙyar yake wuce masa.

Matarsa Barikisu ta matsa, ya je asibiti. Likita ya duba maƙogwaron da ɗan madubi, ya ce ciwon daji ne, amma bai yaɗu ba. In ya hanzarta zuwa Kumasi za a yi masa aiki a cire wurin, a bar masa 'yar kafa a wuya ta numfashi. Muryar za ta tafi, amma wasu sukan koyi wata irin magana daga baya.

Da wansa Iddrisu ya ji, sai ya yi dariya.

"Yanzu muka kori Bature, kai kuma za ka miƙa masa wuya kamar ragon Layya? Beli ne kawai ya sauko. Gidanmu wa ba a cire wa ba?"

"Yaya, likita fa ya gani da idonsa," in ji Barikisu.

"Ke, bebe kike so a dawo miki da shi?"

Masahudu ya shafa wuyansa. Muryar ce abincinsa.

Aka kira Ɗankande wanzami, ya yanke belin, ya ɗaga shi kowa ya gani. "Ga mugun nan!" Aka sha kunu, aka yi barka.

Damina ta wuce ana jiran murya. Wuya ya kumbura, ruwa ma ya daina wucewa. Sai a lokacin aka kwantar da shi a bayan motar da ya saba cika wa fasinja, wani daban yana kiran "Kumasi!"

Likitan can ya taɓa wuyan, ya kalli Barikisu. "Da kafin damina ne, da mun iya. Yanzu babu abin yankawa."

Masahudu ya rasu a hanyar dawowa. Wurin zaman makoki Iddrisu yana ta cewa, "Kwana ne ya ƙare." Barikisu ta dube shi, ta kau da kai.

Jama'a, dishewar da ta ƙi tafiya ba beli ba ce, a kai ta asibiti da wuri. In likita ya ce aiki, a yi. Masahudu ya ji tsoron rasa murya, ya rasa ta har da ransa.