Rabon Masu Hannun Jari

"Karo na biyu ke nan kina faɗuwa a tambayar nan," in ji malamin ajin yamma. "Idan kamfani ya rushe, masu bin bashi ake fara sallama. Masu hannun jari sai abin da ya rage, in ya rage."

Ta gyaɗa kai, barci na fizgarta. Tun safe take tsaye a kanti, kuma ba ƙarin girma sai da takardar nan.

A gida ta zuba wa maigida abinci, ta kai wa surukarta, ta cika kwanukan yara.

"Umma, yau kin gane karatun?" in ji babbar 'yarta.

Ta karkata tukunyar tana kankare ƙanzo.

"Na gane sarai. Miƙo min ruwa in kora."