Shekarar da Aka Hana Ɗanmaliki Sukuwa

Ana saura kwana uku sukuwar kakar 1987, samari suka cika ƙofar gidan Shitu a Kafin Dafga, ko kokonsa bai gama sha ba. Shitu ne mai shirya sukuwar. Shi ke jan layi a fili, shi ke kaɗa jan ƙyalle a tashi, shi kuma ke miƙa rago ga wanda ya zo na ɗaya. Shekara tara a jere kuwa ragon nan gida ɗaya yake shiga, gidan Ɗanmaliki, amininsa tun suna kiwon awaki.

Bakin samarin shi ne Muntaka, wani dogo mai noman gyaɗa a Kwanyawa, wanda zuwa na biyu ya zame masa kamar gado. Da aka gama gaisawa ya ce, "Baba Shitu, mu fa bana ba mai ɗaura sirdi in Baba Ɗanmaliki zai hau. Mutum ya yi shekara shida a Kano ana biyansa yana yi wa attajirai sukuwa, sannan a jera shi da mu da muka koyi hawa a kan jaki? Ina adalci a nan?"

Shitu ya ajiye kofin kokonsa. Shi dai a saninsa fataucin fata ne ya kai amininsa birni. Ga shi Muntaka yana ta jero sunayen dawakan da na masu su, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba, alhali a lokacin da Ɗanmaliki ke Kano ko yaye Muntaka ba a yi ba.

Da hantsi Shitu ya tari Ɗanmaliki a hanyar rafi, yana tafe a ƙasa yana jan farin dokinsa da igiya. Ya tambaye shi gaskiyar maganar.

"Gaskiya ce," in ji Ɗanmaliki. "Amma in ka isa, ka hana ni."

Shitu ya auna. In samari suka janye, sukuwa ta mutu, ga mutanen Beli har sun aiko za su zo da dawaki biyar. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya sanar cewa duk wanda aka taɓa biya ya yi sukuwa, ba zai shiga ta ƙauye ba. Ɗanmaliki ya yi faɗa har rawaninsa ya karkace, daga nan ya daina amsa masa gaisuwa. Abin ya yi wa Shitu ciwo ƙwarai, don bai taɓa zaton Ɗanmaliki zai sayar da amincin shekara arba'in a kan rago ba.

Ranar sukuwa Ɗanmaliki ya zo da wuri, ya zauna gindin tsamiya ya miƙe ƙafafu. Ko da dagaci ya iso bai tashi ba, mutane suka ce fushi ne, a ƙyale shi. Muntaka ya zo na ɗaya. Amma duk inda ka juya a filin zance ɗaya ne: da an bar dattijo ya hau, da ko jelar dokinsa ba su gani ba. Makaɗa ma suka bar mai rago, suka koma gindin tsamiya suna yi wa wanda ba a taɓa kayarwa ba kirari.

Washegari da la'asar Shitu ya sayi goro mai kyau, ya nufi gidan amininsa ba da haƙuri, yana ta maimaita abin da zai faɗa. Ya kai bakin zaure zai yi sallama, sai ya ji dariyar mutum biyu a ciki, ya dakata.

Muryar Ɗanmaliki ce ke cewa, "Allah ya yi maka albarka, Muntaka. Da ba ka haddace abin da na koya maka ka tada rigimar nan ba, da jiya duk Karaye da Rogo sun ga ƙugun nan nawa ko kan sirdi ba ya iya ɗora ni."