Reshen Zaitun na Ƙarshe

A yankinmu na Mani da ke bakin teku, ko da akwai gabar jini tsakanin gidaje, ba a harbi sai an gama tsinkar zaitun. Shi ya sa Stavriani ta bar reshe ɗaya da 'ya'yansa.

A ƙarƙashinsa ta haɗu da masoyinta Petrunis, wanda danginsa suka kashe mahaifinta.

"Kwalekwale na jira. Zo mu tsallaka tsibirin Kitira."

Ta dubi hasumiyar gidansu.

Sai ga wanta Liyakos. Ya sare reshen, ya fasa wa Petrunis baki da gindin bindiga.

"An gama tsinka, ango."

Stavriani ta kama bakin bindigar, ta ɗora a ƙirjinta.

"Ba a gama ba, Yaya, saura 'ya'yan da suka zube ƙasa. Durƙusa ka tsince, mu za mu gangara teku."