Haƙoran Bajiminmu

A shekarar da jam'iyyu suka cika Maraɗi da tutoci, ni da Baba muna dawowa daga Tsibiri a amalanke muka faɗa cikin zanga-zanga. Bajiminmu da ke jan amalanken ya firgita, ya tsaya cik a tsakiyar titi. Wani jandarma ya juya bindiga, ya maka masa gindinta a baki. Har yau in na tuna ƙarar sai haƙorana su mutu.

A gida Baba ya ɗaure shi, ya wage bakin, jini ya wanke masa hannu. Na leƙa, ban ga haƙori ko ɗaya a sama ba, na fasa ihu: "Baba, ya zubar masa da na sama duka!"

"Ke, sa ba ya da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai. Dubi ƙasa."

Na ƙasan, waɗanda yake tsinkar ciyawa da su, sun farfashe. Baba ya ɗauko awartaki yana fizge guntayen, bajimin yana gurnani yana harbin ƙasa.

Na ce, "Zai warke?"

Baba ya goge awartakin da bakin rigarsa. "Je ki kira mini mahauci."