Golan da Na Shekara Talatin Ina Zagi

Hoton yana hannun 'yata na gane fuskar. Tarihin tsohon kulob ɗinmu, Taurarin Gyadi-Gyadi, take haɗawa don shirin rediyo.

Ta ce, "Baba, ga golan da kake zagi, wanda ake kira Bango."

Ina aiki a Legas lokacin, a rediyo na ji wasan ƙarshen da ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Kofi ya kuɓuce, bayan shekara biyu kulob ya watse. Ban taɓa ganin golan a fili ba, amma shekara talatin ina cewa sayar da mu ya yi. A majalisarmu ta Tarauni nake faɗa bayan la'asar, maƙwabcina, malamin firamare ɗan Kafanchan, yana gefena yana murmushi. Shi ya kai matata asibiti ranar haihuwar yarinyar nan.

Fuskar maƙwabcin nan nawa ce a hoton, sanye da rigar gola.

Ko takalmi ban sa ba na je na buga ƙofarsa. Ya daɗe yana kallon hoton.

Na ce, "Malam, kai ne? Duk shekarun nan kana jina?"

"Ni ne, Alhaji."

"Me ya hana ka tanka mini?"

"Da safen ranar wasan na binne ɗana na fari, daga maƙabarta na wuce fili. Ko ƙwallon ban gani ba." Ya miƙo mini hoton. "Kai kaɗai ka rage da kake tuna na taɓa tsaron raga. Shi ya sa nake zuwa in zauna."