Ragon Bayan Ɗaki

Sikelin awon jiki, koren shayi, biskit marar sikari, da jadawalin rage ƙiba da likitan Turai ya tsara masa saboda hawan jini. Su wani mai digiri biyu da ya dawo gida daga Turai ya rungumo a bayan ɗan kabu-kabu daga Shagari zuwa Kajiji.

Bai gama kwance jaka ba kwanuka suka fara shigowa: tuwo daga gidan baffa, fura daga gidan gwaggo, shinkafa da mai daga maƙwabta. Mayar da kwano da abinci a ciki cin fuska ne. Sai mai digiri biyu ya yi dabara, kullum ya juye wa ragon da ke ɗaure bayan ɗaki. Kwanuka suka riƙa komawa a suɗe. Mata suka ce yunwa ya sha a Turai, suka ƙaro manya.

Ran Juma'a gwaggo ta shigo da tire, maiƙo na ɗiga.

"Ɗana, ragon ga tun zuwanka yake ƙiba. Albarkarka ce, shi ya sa munka yanka maka shi."

Da ta fita, ya dubi jadawalin, ya dubi naman, ya tura ƙofa ya rufe.

"Dama abincina ne," in ji shi. "Yau zan karɓi kayana."